Kwatar Ekar Inna Hajo

A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da taki ya yi wuyar samu, aka kawo kwamfuta ofishin wani shirin noma a Boɗinga. Lirwanu, mutumin Danchadi da ya yo kwas a Kaduna, shi aka ɗora a kanta. Sunayen manoma suna jadawali ɗaya, faɗin gonakinsu a wani, lambar manomi ce ke haɗa su. Da faɗin gona ake yanka wa mutum rabonsa na taki.

Manajan ofishin, Malam Garba, ya ba da umarni gurbin faɗin gona ya karɓi cikakkiyar lamba kawai, ban da ɗigo. Eka biyu da kwata ta koma biyu. Wadda ba ta kai rabin eka ba ta koma sifiri.

Ran nan sai ga Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyar Lirwanu, ta shigo da taɓon fadama a ƙafarta.

"Ɗan nan, an ce ƙarfen ga naka ya ce ban da gona. Albasar da kaka ci, cikin iska nika shuka ta?"

Kunya ta kama Lirwanu. Ya wuce ofishin manaja ko ƙofa bai ƙwanƙwasa ba.

"Ranka shi daɗe, masu lambun fadama duk sun zama sifiri. A bar ni in mai da gurbin mai ɗigo."

"Takin bai isa," in ji Malam Garba. "Gara a ce na'ura ta hana su da a ce ni na hana."

"To kai ka faɗa musu da bakinka. Ni ban sa ta yi ƙarya."

Ya koma ya canja gurbin, ya sake shigar da kowace kwata da kowane rabi da hannunsa, fanka na juya zafi a kansa. Ranar rabo masu fadama suka cika harabar, manaja bai ga fuskar korarsu ba. Manyan gonaki aka rage wa buhuna. Inna Hajo ta tafi da rabin buhu bisa jaki.

Kafin wata ya ƙare aka tura Lirwanu Shagari, wurin allurar shanu, inda ko wutar lantarki babu. Manaja ya tsaya bakin ƙofa yana jiran a ba shi haƙuri. Lirwanu ya ɗaure katifarsa bayan babur, ya yi masa sallama irin wadda ake yi wa kowa, ya tayar.