Ƙwaryar Gwaggo da Shuɗin Sama

Farida ta kusa gama zana garin Minna. Daga saman benen gidansu a Dutsen Kura ta kwafo shi a kan kambas, ƙyallen zane: rufin kwano masu tsatsa, hasumiyar masallaci, ƙarafan sabis, da duwatsu can baya. Sama kaɗai ta rage, kuma sama tana cin fenti. Murfin robar da take haɗa kala a ciki ya yi mata kaɗan.

Ta sauko neman mazubi. A ɗakin baƙi ta ga wata tsohuwar ƙwarya a kife a kan buhu, ta yi baƙi-baƙi, an ɗinke gefenta da zare. Ta ɗauka ta yarwa ce. Ta matse shuɗi da fari a ciki, ta dama da burushi, sama kuwa ta fito kamar ta bayan ruwa.

Tana cikin kallon aikinta yayarta Basira ta hau da wanki. Bokitin ya suɓuce daga hannunta.

“Innalillahi! Farida, ƙwaryar wa ce wannan?”

“A ɗakin baƙi na gan...”

“Ta Gwaggo ce! Wadda ta gada wurin mahaifiyarta! Ko Baba ba ya taɓa ta. Ke dai karatun nan ya cinye miki kai.”

Gwaggo yayar babansu ce, mai sayar da kindirmo, jiya ta zo daga garinsu Beji. A cikin ƙwaryar nan take kwantar da nono tun kafin a haifi Farida, sabulu ma bai taɓa shiga cikinta ba.

Farida ta ruga famfo da ƙwaryar. Ta manta fentin akirilik ba ya jira. Ya bushe ƙam, ruwa sai zamewa yake yi a kansa.

Sai ga sallamar Gwaggo, ta dawo daga Kasuwar Kure.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ihun ta yi. Ta ajiye ledarta, ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ta leƙa ciki ta daɗe.

“Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri. Wallahi ban sani ba.”

“Mene ne wannan?”

“Sa... sama ce.”

“Sama,” in ji Gwaggo a hankali. “A ƙwaryar Inna.”

Ta sa farce a bakin fentin. Abin mamaki, sai ya ɗago. Maiƙon nono na shekaru ya hana shi kamawa. Ta ja, ya saluɓo gaba ɗaya kamar fata, shuɗi, mai siffar ƙwarya.

Basira ta saki numfashi. “Alhamdulillahi! Ya fita!”

Gwaggo ta kai ƙwaryar hancinta ta shinshina. Ta nuna musu ɗinkin gefen, inda shuɗi ya shige cikin zaren da tsagar.

“Nono ba ya yafiya, ’yan nan. Ba zai sake kwana a nan ba.”

Ta hau benen da ƙyar, suna biye. Ta tsaya gaban zanen.

“Ta ina Beji take?”

Farida ta nuna bayan duwatsu, inda babu komai sai sama.

Gwaggo ta kife ƙwaryar kusa da burushin.

“To, ki riƙe ta. Amma kar na ji an ajiye ta a ƙasa.”

Ta sauka. Farida ta ɗauki ƙwaryar, ta rasa inda za ta ajiye ta.