Sanda Mai Lamba Bakwai

Shekara ashirin da biyu Abdussalami ya yi yana ɗaukar wa 'yan wasan golf jaka a wani fili da ke gefen Khartoum, amma in ka je Mai Wurno, garinsu na Hausawa can kudu da Khartoum, ka tambayi aikin da ya yi a birni, dako za a ce maka. Ba ƙarya suka yi masa ba, ai jaka ya ɗauka. Shi dai abin yana ci masa rai. Sau ɗaya ya gwada yi musu bayani a rumfar mai shayi: fili ne kore shar, ya fi gona ashirin girma, da ramuka goma sha takwas, mutum ya bugi 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami.

"Kuma ana ba shi ruwa, filin?" in ji Sodangi mai jaki.

"Kullum."

"Ba a girbin komi?"

"Ba a girbi."

Aka yi dariya har mai shayi ya ɓarar da madara. Tun ranar Abdussalami bai sake ɗauko zancen ba.

Yaƙi ne ya dawo da shi gida. Ya fito daga Khartoum da jallabiyar jikinsa, sai a hanya ya ji wani abu yana dukan cinyarsa, ya duba aljihu ya tarar da ƙwallon golf guda ɗaya. Sandarsa mai lamba bakwai, wadda wani ɗan wasa ya bar masa kyauta, tana can bayan ƙofar ɗakin da ya gudu ya bari. Matarsa ta rasu tun kafin yaƙin, Allah bai ba su haihuwa ba. Ƙanwarsa Ma'u ta share masa ɗaki a gidanta, tana ba shi abinci a kan lokaci, tana wanke masa kaya. Amma in ya fara magana sai ta ce "to, to," hannunta na cikin tankaɗe, hankalinta na kan tukunya.

Bayan la'asar yakan sauka bakin kogi, inda ƙasa ta shimfiɗu, da ƙotar fartanya da goruba cike da aljihu. Ya gyara tsayuwa, ya dubi iska, ya buga. Ƙwallon ta gaskiya ba ya taɓa ta. Cewa yake sai ranar da ya samu sandar da ta dace da ita.

Akwai wani zaure a WhatsApp na mutanen tsohon filin, waɗanda yaƙi ya watsa Alƙahira da Port Sudan da ƙasashen Larabawa. Manyan mutane ne, likitoci da 'yan kasuwa, duk ya ɗaukar musu jaka. Ammu suke ce masa, wato baffa. Ranar sallah sukan turo masa hoton wata da tauraro, shi ke nan sai wata sallar.

A wannan zaure wani mai suna Mujtaba ya fara sa hotunan sandunan golf. Ya ce daga Dubai yake kawowa, sababbi fil, da sauƙi, don 'yan uwa da suka rasa nasu. Abdussalami ya buɗe hoton wata mai lamba bakwai, ya ƙara girmansa da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo. Ya tura tambaya da Larabci. Amsar ta zo da murya, kuma da Hausa.

"Baba Abdussalami na Mai Wurno? Allahu akbar! Ai kakata ɗiyar Mai Wurno ta. Ina gajiya, Baba? Ina mutanen gida?"

Sau uku ya saurari saƙon. Ya tambaye shi gidan wa, yaron ya ce gidan majema, bayan kasuwa. Da ya gaya wa Ma'u sai ta yamutsa fuska ta ce ita ba ta san wasu majema a bayan kasuwa ba.

"Ke kowa kin sani?" ya ce mata, ya juya.

Daga nan hira ta ɓarke. Abdussalami yakan zauna bakin kogi, inda waya ta fi kamawa, ya danna ya yi ta magana. Ya ba shi labarin rami na bakwai da iska ke yaudarar mutane, da Baturen da ya jefa jakarsa cikin tafki don fushi, da ranar da ya gaya wa wani babban mutum cewa sandar da ya zaɓa ba ita ba ce, mutumin ya ƙi ji, ƙwallo ta tafi cikin ƙaya. Mujtaba bai san golf sosai ba, wannan a fili yake. Amma ya iya abu guda. Duk inda labari ya tsaya sai ya turo: "Allah, Baba? Sai mi ya faru?" Tun da Abdussalami ya bar Khartoum ba wanda ya yi masa wannan tambayar. Ya fara aske gemu a kan lokaci. Ma'u ta lura yana cinye tuwonsa.

Ya tura kuɗin sandar ta waya, aka ce tana hanya. Kafin ta iso, Mujtaba ya zo da roƙo.

"Baba, mutanen ga ba su san ni ba, suna ɗari-ɗari. Kai ko sun san ka. Ka zame mani damin mana."

Kalmar ta taɓa shi inda yaron bai ma sani ba. Mahaifin Abdussalami damin ne a kasuwar dabbobi. A kasuwannin ƙasar nan, in baƙo ya kawo sa ko raƙumi, ba mai saya sai damin na ƙabilarsa ya tsaya ya ce ya san shi, dabbar ba ta sata ba ce, in wani abu ya taso a wuyansa. Abdussalami ya tashi yana ganin tsohon yana ratsa kasuwa ana buɗe masa hanya. Abin da ya zaɓi ya manta shi ne, tsohon bai taɓa lamuntar dabbar da bai buɗe bakinta ya duba ba, ko da ta ɗan ɗakinsu ce. Amma yaya za ka ce wa jikan garinku, wanda ke kiran ka Baba safe da yamma, bari sai na gani tukuna? Kunya ta hana shi, daɗin a neme shi ya ƙarasa sauran.

Ya gyara murya ya yi saƙo da Larabci a zauren: "Ni ne Abdussalami, kun san ni. Yaron nan namu ne. Kayansa na asali ne, a wuyana."

Ranar wayarsa ta yi ta ƙara. "Tunda Ammu ya faɗa, magana ta ƙare." "Ammu, ina ka shiga?" Ya koma gida yana murmushi shi kaɗai, har Sodangi ya tambaye shi ko aure zai yi.

Bayan sati uku Hamid, direban motar Sennar, ya miƙo masa dogon kwali ta taga ya ce ga amanarsa. Abdussalami ya rungumi kwalin har gida, ya shiga ɗaki ya tura ƙofa, ya yanke igiya a hankali.

Hanci ne ya fara gaya masa. Robar mariƙin tana warin tsohuwar taya da rana ta dafa. Ya ɗaga ta, hannunsa ya ƙarasa bayanin: nauyin ba a kai yake ba, ya watsu ko'ina, kamar ka ɗauki bututun ruwa. Fentin rubutun ya malalo waje da layi. A wuyan sandar, inda kai ya haɗu da jiki, ga busasshen gam ya tsattsafo. Mutumin da ya goge sanduna dubbai ba ya bukatar a kira masa malami. Jabu ce.

Ya zauna bakin gado, sandar a kan cinyarsa. Ma'u ta leƙo.

"Yaya, ita ce wagga? To Allah ya sa albarka. In kawo maka kunu?"

Wayar ta yi ƙara. "Ta iso, Baba? Ƙaƙa ka gan ta?"

"Ta iso," ya ce. Ya kife wayar a kan gado.

Kwana uku sandar tana ƙarƙashin gado. Ya ci gaba da zuwa bakin kogi da ƙotarsa, ya ci gaba da ba da labari, Mujtaba ya ci gaba da tambayar sai me ya faru. Ya gaya wa kansa ƙila hancinsa ne ya tsufa. Ya gaya wa kansa manyan nan ba za su talauce a kan sanda ba. Tuwon dai ya koma yana saura a kwano.

Rana ta huɗu saƙo ya shigo daga Diktora Huda, likitar da ya yi shekara tara yana ɗaukar wa jaka, wadda ta tsaya a kan matarsa a asibiti har ƙarshe. Tana Alƙahira yanzu. Ta ce gidanta na Khartoum ba abin da aka bari a ciki, ta gaji da zama tsakanin bango huɗu, tana so ta koma wasa ko zuciyarta ta yi sanyi. Za ta sayi jaka guda cikakkiya wurin yaron. "Saboda muryarka, Ammu. Ka riƙe kayan da hannunka, ko?"

Ya sa wayar a aljihu. Ya jawo sandar daga ƙarƙashin gado, ya ɗauki ƙwallon ta gaskiya, ya sauka bakin kogi. Ya tara ɗan yashi ya ɗora ta. Ya tsaya yadda ya ga gwanaye suna tsayawa shekara ashirin da biyu, ya ja baya, ya sauke. Maimakon ƙarar nan mai tsabta da kunnensa ya yi kewa, sai ya ji ƙwal, kamar an bugi gwangwani. Ƙwallon ta gangara taku goma ta tsaya. Kan sandar kuwa ya fice ya tashi sama yana juyi, ya wuce ta kan wata mata da ke wanki, ya faɗa ruwa. Matar ta ɗago ta dube shi, ta dubi kogin, ta tattara kayanta ta matsa gaba.

Da ya ga inda ƙarfen ya bi, sai ya yi salati. Ya zauna a ƙasa ya kira Mujtaba. Har a lokacin yana nema masa mafita.

"Ɗana, sandar ga jabu ta. Kanta ya cire, saura kaɗan ya fasa ma wata kai. Wataƙila kai ma cutar ka anka yi. Ka shiga zauren ka janye kayan, ni in tsaya maka."

Yaron ya yi 'yar dariya mai taushi. "Haba Baba, maalesh, yi haƙuri. Cikin kaya ba a rasa guda mai matsala. Ina aiko maka wata. Kai dai kar ka ce komi cikin zauren."

"Na sa wuyana."

"Wuyanka wurin wa? Mutanen ga da ba su tuna ka sai ran salla? Baba, tsakani da Allah, wa ke sauraren ka in ba ni ba?"

Da ƙarya yaron ya yi, da abin ya zo da sauƙi.

"Bar zancen ga," in ji Mujtaba. "Jiya ba ka ƙare mani labarin Baturen nan ba."

Abdussalami ya kashe wayar. Ya daɗe yana kallon sandar da ba kai. Sau ɗaya a rayuwarsa ya ga mahaifinsa ya yi kuskure, a kan wata saniya da ta zamo ta sata. Tsohon bai aika kowa ba. Da ƙafarsa ya je tsakiyar kasuwa, rana tsaka, ya faɗa da bakinsa.

Ya ɗauki hoton guntun sandar, hoton ya fito a karkace, ya tura a zauren. Ya danna ya yi magana: "Ni ne Abdussalami. Na lamunci kayan da ban gani ba. Yanzu na gani, jabu ne. Kada wanda ya saya saboda ni. Wanda ya riga ya saya, laifina ne, ya yafe mini."

Diktora Huda ta rubuto godiya a layi ɗaya. Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa shi ya riga ya biya, kuma bai zaci haka daga Ammu ba. Wasu biyu suka yi ta muhawara da Turanci a kan inda ya kamata a riƙa sayen kaya. Kafin magariba zauren ya koma shiru. Hoton Mujtaba ya ɓace daga wayarsa. Ya tura masa sallama, saƙon bai shiga ba.

Ma'u ta ga guntun sandar a jingine ta tambaya ko yana da amfani. Ya ce babu. Ta ɗauka ta ce zai yi mata kaɗo lemun tsami.

Washegari bayan la'asar ya sauka bakin kogi da ƙotar fartanya. Goruba ta farko ta kauce hagu, ta biyu ma haka. Ta uku kuwa ta tashi sak, ta yi sama, iska ta ɗan riƙe ta, ta sauka daidai gindin itacen da ya nufa. Rabon da ya yi bugu irin wannan tun yana Khartoum. Ya waiga. Ba kowa sai jakin Sodangi can nesa yana kiwo.

Hannunsa ya riga ya ciro wayar kafin ya tuna. Ya tsaya da ita a tafinsa. Sai ya buɗe tsofaffin saƙonnin Mujtaba, ya gangara sama, ya danna ɗaya daga cikinsu.

"Allah, Baba? Sai mi ya faru?"

Abdussalami ya zauna a kan yashi, ya ajiye wayar a gefensa, ya share ido da hannun riga.

"Iska na tahowa daga gabas," ya ce, "sai na ɗan buɗe ƙafa."