Awon da Ya Ƙi Gogewa

Almakashi na tsakiyar yadi Tela ya ji ƙarar birki a bakin titi, hannunsa ya tsaya cak. Ba wani abu ba ne, akuya ce ta gitta wa mota. Amma tuni zufa ta karyo masa, zuciyarsa ta koma ranar da ya aiki babbar 'yarsa tsallaken titi ta sayo masa baƙin zare. Zaren ya iso shago a hannun wani bawan Allah. Ita kuwa a kafaɗa aka kai ta gida.

Ya ajiye almakashin, ya zura silifas, ya nufi wurin Mai Kemis.

"Maigida, yau da sanyin safiya haka?"

"Ba ni biyu."

"Ka dai riƙa sassautawa, abin nan ba alewa ba ne," in ji Mai Kemis. Baki na nasiha, hannu na ɓare ƙwaya.

Shi ne dai tun bayan makoki ya ja Tela gefe, ya ce ya rame kamar kazar mayu, ga abin da zai ɗauke masa tunani. Dangi sun yi nasu, kowa ya ce haƙuri, namiji ba ya kuka, a manta. Babu wanda ya zauna ya ji abin da ke cin sa. Mai Kemis kaɗai ya ba shi abin da ake haɗiya, kuma bai taɓa tambayar takardar likita ba.

Ƙwayar ta yi aiki, ba a ce ba ta yi ba. Sai dai ba ta da ido, duk abin da ta tarar sharewa take. Da can Tela sau ɗaya yake ɗora maka tef, awonka ya zauna masa a ka, har yana yi wa masu rubutawa dariya. Yanzu sai ya yi wa dogo wandon gajere. Masu kawo ɗinki suka zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi da facin yagaggun kaya.

* * *

Matarsa ce ta ajiye masa yadi shuɗi a kan keken ɗinki.

"Na Auta ne. Sun gama firamare, za a kira ta gaban jama'a a ba ta kyauta. Na ce in kai wa wani, ta ce ita sai ɗinkin babanta."

"To, na ji."

"In turo ta ka auna ta?"

"Ni zan auna 'yar cikina? Awonta na cikin kaina."

Matar ta bar masa yadin ta tafi. Gaskiyar magana, Tela ba ya iya duban Auta. Fuskar yayarta ce da ita sak, har 'yar lotsawar kumatun. Idan ta kawo masa abinci kwanon yake kallo. Idan ta gaishe shi bango yake amsa wa. Yana son ta, Allah ya sani, amma ganinta na fama masa miki, shi kuwa ya gaji da ciwo.

Ranar da ya zauna wa rigar ya yi mamakin kansa. Alli ya bi yadi ba gargada, almakashi ya bi alli, ko sau ɗaya bai tsaya tunanin kafaɗa ko tsayi ba. Ya yi mata tattara a ƙugu, ya jera maɓallai farare. Rabonsa da jin daɗin aiki irin wannan har ya manta. Ya ce a ransa, ashe dai da sauran kai.

* * *

Safiyar taron Auta ta shige ɗaki da rigar tana tsalle. Aka jima ba ta fito ba. Da ta fito, a hankali take takowa. Hannun rigar ya tsaya can sama da wuyan hannunta, maɓallan ƙirji sun ɗame kamar za su tsinke.

"Awon wa ka yanka?" in ji uwar. Ba ta rufe baki ba amsar ta zo mata. Ta dafa bango, muryarta ta yi ƙasa. "Na yayarta ne. Awon marigayiya ka yanka."

Sai a lokacin Tela ya ɗaga kai ya dubi 'yarsa. Tsayinta ya kamo kafaɗar uwarta. Giɓin haƙorin da ya san ta da shi ya cike tun tuni. Ta wuce shekarun yayarta, ta wuce tsayinta, duk a cikin gidansa, shi yana can yana sayen mantuwa. Wadda ya sha ƙwaya don ya manta tana nan daram a yatsunsa, mai ran ce ta goge.

"Cire, Auta, in gyara miki," ya ce. Amma shi tela ne, ya san babbar riga ake ragewa, abin da almakashi ya cinye ba ya dawowa. Ko ƙyalle bai rage ba.

"A'a Baba, ta yi kyau." Ta ja hannun rigar ƙasa, ya sake komawa. "In ban ɗaga hannu ba, ba wanda zai gane. Ai na saba, kayan Yaya duk haka suke yi mini yanzu."

Uwar ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

Auta ta fita tana tafiya a tsanake, hannayenta manne da jiki kada ɗinkin babanta ya ɓarke. Tela ya tsaya a bakin ƙofa yana bin ta da kallo har ta sha kwana, tef ɗin awo na rataye a wuyansa.