Ciyawar Kabarin Delu

A Duwala, ka juya wa ƙasa baya kaɗan, ciyawa ta gaje ta. Abin da ya hana Malam Mudi, tsohon mahaucin unguwar New Bell, sukuni ke nan a shekarar da aka yi ta rufe gari, kasuwa a kulle, mota ba ta motsi. Maƙabarta ta cika, masu haƙa kuma suka ɗauko wata al'ada: kabarin da ciyawa ta rufe ba shi da kowa, sai a sake tona shi. Matarsa Delu na can kwance, jikin katanga.

Bayansa ya daina sunkuyo, balle a yi zancen fartanya. Maganin ciyawa kuwa, ko kyauta ne, ya rantse ba zai zuba wa Delu guba ba.

'Yarsa Lami, mai sayar da salak a bakin kasuwar Marché Congo, ita ta kawo dabara.

"Baba, ga binega, ruwan tsamin nan da nake sa wa salak. Inda nake zubar da ragowarsa ko tsinke ba ya tsirowa. Amma ka bari rana ta take, ruwan sama wanke shi yake."

Jiran rana a Duwala sai mai haƙuri. Ran da ta fito, ya huda murfin gora, ya yayyafe kabarin kaf. Kafin kwana biyu ciyawa ta yi ja, ta kwanta. Tsoho har da murmushi.

Sai ga Iro mai haƙar kabari, da shebur a kafaɗa.

"Baba Mudi, duka ka ƙone? Ai malamai na cewa ɗanyar ciyawa tasbihi take yi, mamaci ya samu sauƙi."

Mudi ya sani. Tun yana yaro ya sani, tsoro ne ya mantar da shi. Ya tsaya yana kallon busasshiyar ƙasar, tausayin Delu ya kama shi, ya yi kuka bai ɓoye ba.

To, ciyawar Duwala ba ta san fushi ba, ba a daɗe ba ta dawo. Wannan karon gefe-gefe ya bi da gorarsa, ya zagaye kabarin da ƙonannen layi, kowa ya gani ya san da mai shi. Tsakiyar ya bar ta kore shar.

Ya dafa katanga, ya rage murya.

"Ki yi haƙuri, Delu. Dama tun kina raye ba ki son tsami."