Komen Mai Tsaki

Likita ya ɗaga zanen da aka rufe ƙafar Sadisu da shi, ya duba, ya mayar. Ya ce a jira la'asar. In jini bai sauka ba, daga gwiwa za a yanke. Bamanga ya gyaɗa kai kamar wanda ake gaya wa farashin siminti.

Sadisu ƙanin marigayiya matarsa ne, shi ke tuƙa masa tirelarsa guda ɗaya tilo. Tsohuwar mota ce da Turawa suka more kafin ta iso Gombe. Birkinta na iska ne, kuma kullum iskar tana zurarewa da ɗan sauti, shi ya sa 'yan gareji a Bolari suka raɗa mata suna Mai Tsaki. Da safiyar nan, a gangaren shigowa gari, Sadisu ya taka birki ya ji wayam. Gabansa Keke Napep ne cike da 'yan makaranta. Ya zaɓi rami.

Yusra, 'yar Bamanga, tana tsaye jikin taga, ta ƙi kallon ubanta. Tun kafin azumi ta same shi a gareji da waya a hannu.

"Baba, kamfanin da ya ƙera motarka ya ce a mayar da irinta. Wai bawul ɗin birkin yana da matsala, za su canza."

"A mayar ina?"

"Can ƙasarsu, ina jin."

"To! Bature ya sake ta da tsufanta, yanzu ya ga ta yi kyau a hannuna, yana neman kome? Ki ce masa ta yi aure."

Gareji ya kwashe da dariya, har wani ya shaƙe da shayi. Aka naɗe wajen da iskar ke zurarewa da robar tayar keke, Bamanga ya yi sati yana maimaita barkwancinsa. Sadisu yana hanya ranar, ba wanda ya gaya masa.

Yanzu, a kan gadon asibiti, Sadisu ya buɗe ido da ƙyar. "Yaya, yaran fa?"

"Ko ƙwarzane."

"Alhamdu lillahi. Kada ka sa damuwa, Yaya. Abin da ba wanda ya sani, wa za a zarga?"

Yusra ta ce, "Sannu, Kawu," ta fita da sauri.

A baranda Bamanga ya ci karo da Ɗantala, dillalin kayan gyaran mota, wanda ba ya makara wajen jaje in akwai ƙarfe a ciki.

"Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Na biya ta ramin. Kan motar ya tashi aiki, amma akwai abin tsinta." Ya zaro wani ƙarfe daga leda. "Dubi bawul ɗin birkin nan, ko tsaga babu. Na asali ne, na Turai. Akwai mai tanka a Nasarawo da ke nemansa ido rufe, gobe zai ɗauko mai."

"Na asali ne kam," in ji Bamanga. "Ba ni."

"A kai masa?"

"Tana da miji."

Ɗantala ya yi dariya don ladabi, bai gane ba. Bamanga ya zura ƙarfen a aljihu, nauyinsa ya karkatar da wuyan rigar. Ya koma ya zauna gefen gadon. Daga masallacin asibiti aka fara kiran la'asar, ya ji takun likita yana tahowa.