Kwallin da Aka Tono a Guci

Rabilu yana haƙar rijiya a garkarsa ta Guci, sai dagi ya daki wani ɗan tulu, bai fi ƙwan zabo ba, bakinsa liƙe da yumɓu. Da ya kai gida, uwarsa Ladi ta ɓalle bakin, ta ga baƙin gari mai ƙyalli. Ta ce kwallin mutanen da ne, irin wanda ba a samu a kasuwa yanzu. Ta adana, har Sadiya matar Rabilu ta haihu, ta riƙa sa wa jaririyar, Nafi.

Labarin tulun ya kai kunnen Madam Ruma'isa, mai binciken kayan tarihi a inibarsite, wato jami'ar Damagaram. Ta zo, ba ta ko nemi a ba ta tulun ba. Bakin allura ta sa ta lakato ɗan mitsitsi, ta rufe cikin kwalba. Ta ce akwai na'ura a labo, ɗakin gwaje-gwajensu, mai faɗin abin da ke cikin gari, ko da bai kai ƙwayar gero ba. Tana cikin bayani Sadiya ta gifta da goyo. Madam ta dubi idon yarinyar, murmushinta ya ɗauke. Ta ce a dakata da sa mata kwallin har ta kira.

Ladi ta yi dariya, ta ce ita madam ɗin halan uwarta ba ta sa mata kwalli ba. Rabilu kuwa ya ɓoye tulun cikin rumbu. Tun daga ranar ba shi da sukuni. Nafi ta yi kuka, ya taso a guje. Ta yi shiru, ya je ya kara kunne a ƙirjinta.

Ran kasuwar Guci salularsa ta yi ƙara. Madam ce. Ta ce garin kusan duk dalma ne, kuma dalma in ta shiga jinin jariri tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ta tambaya ko a ido kaɗai aka sa, ko an sa inda fata ke buɗe. Ya ce bai sani ba. Ya bar buhun wakensa a hannun maƙwabci, ya hau moto, babur ɗinsa, ya nufi gida.

Ya tarar da Ladi tana kaɗi a inuwa. Ya durƙusa.

"Inna, kwallin nan, a ido kaɗai kika sa mata?"

Mazarin ya tsaya.

"Da cibiya," ta ce, "don ta bushe da wuri. Kai ma haka na yi maka."

Ya kira Sadiya, ya ce ta goya Nafi, likita za su, asibitin Dungas, a duba jini. Har ya tada moto Ladi ta fito ba takalmi, da jiƙaƙƙen tsumma. Ta riƙe shi ya tsaya, ta shiga goge idon jikarta a hankali, ga shi kwallin ya daɗe da fita. Rabilu ya jira ta gama.