Kura da Garke

Yari mai gyaran keke a Sabon Garin Gusau abokin hirarsa guda ne a duniya, shi ma sai an je Karakkai ake samunsa. Jibo ke nan, Bafulatanin da kan sauke shanunsa a gonar su Yari bayan girbi, su ci kara su bar taki. Shekarar da naira ta shigo, a gindin tsamiyar bakin gona, suka ƙago wasa nasu na kansu. Ramuka ne irin na dara. Mutum ɗaya yana da garke, wato tsakuwoyi, zai kai su mashaya. Ɗayan kura ce, ƙwallon goriba guda. Ba su taɓa buga shi har ƙarshe ba, don kullum sai shanu sun tattake ramukan.

"Bari in yi muna allo," in ji Yari.

"Ƙasa ta gaza ne?" Jibo ya ce. "Ka dai sani, ruwa na sauka za mu tashi a yi shuka. Bana kuma kudu muka nufa. Baffa ya ce ba mu komowa."

"Haba! Kwana nawa ne allo?"

To, ka ji inda aka yi ta. Da kwali da biro ya fara, har ya kusa gamawa. Dogo kafinta ya leƙo shagon, ya taɓe baki: "Kwali? Raɓa kaɗai ta ishe shi." Sai Yari ya yar, ya ari zarto da gizago, ya koma katako, daga ramin farko. Katako ya yi rabi, Yari ya kai wa wani keke Tsafe ranar kasuwa, ya ga allon wasan lido mai kala-kala yana ɗaukar ido. Shi ke nan, katako ya zama abin kunya. Ya sayo langa-langa da fenti. Amma langa-langa ba ta haƙuwa, tsakuwa sai ta gangare, dole ya koma marafan kwalba, su kuma suka fi gidajen da ya zana girma. A goge, a sake. Wallahi mutumin nan da ban haushi yake, kuma da ban tausayi.

Kowace la'asar in aiki ya lafa sai ya gwada shi kaɗai, dama kura, hagu garke. Ba daɗi. Hannun hagu ya san duk abin da na dama ke ƙullawa. Kewar Jibo ta cika shi, amma ya rantse ba zai je masa hannu rabbana ba.

Dije, ƙanwar Jibo, ta biyo ta shagon da ƙwaryar nono a kai. "Hamma ya ce in gaya maka gabas ta fara baƙi."

"Ki ce masa fenti ne bai bushe ba."

Ranar da ya bushe, ya ɗaure allon a bayan keke, ya lulluɓe da buhu, ya kama hanyar Bungudu yana waƙa. Kafin Karakkai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tare shi, waƙar ta tsaya. Ya tarar da gonar fayau, sai turaku da toka, da mutane can nesa suna saran shuka. Garin neman gira an rasa ido.

A gindin tsamiya ya ga an kewaye wani ɗan wuri da ƙaya, irin shingen da ake wa maruƙa. Ya ɗage reshe guda. Ramuka ne, haƙar yatsa, ba saniyar da ta taka su. An jera tsakuwoyin garke kowace a gidanta, har an tura guda gaba. Ƙwallon goriba na nan a gefe.

Jibo ya yi nasa wasan, saura na kura.

Yari ya tsuguna, ya ɗauki goribar ya sa a rami, ya zauna. Allon yana can a kan keke cikin buhu, ko kwance shi bai yi ba.